Keken da Ba Ya Ɗinki

Greensboro, 9 ga Afrilu, 1982

Zuwa ga Gwaggona, Hajiya Kubura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da duk mutanen gidanmu na Fagge. Yaya Baba? Yaya ciwon bayanki, ko har yanzu kina zaman ɗinki tun hantsi har la'asar kamar wadda alƙali ya yanke wa hukunci?

Mu nan lafiya lau. Sanyi ya tafi, itatuwa sun yi fure ko'ina, ni kuwa sai atishawa nake. Maigidana Malam ya ɗan ji ciwo a ƙafa kwanakin baya, amma da sauƙi. Yana gaishe ki.

Kin ce in ba ki labarin garin. Gwaggo, garin nan na masu mota ne. Unguwarmu Glenwood ƙananan gidajen katako ne, duk ɗalibai da 'yan haya. Wanda ba shi da mota a nan kamar kaza yake da aka ɗaure wa ƙafa. Bas kuwa sai ki jira har ki manta inda za ki, ran Lahadi ko ƙurarsa ba kya gani. Abin da ya cece ni wata siririyar hanya ce da hukumar gari ta shimfiɗa a bakin rafi, mota ba ta bin ta. Ita ce hanyata yanzu duk inda zan nufa.

Takardar ta kusa cika, ga babban labari ban ba ki ba. Albishirinki! Na koyi keke. Maƙwabciyata Bebi, Bahaushiyar Kumasi, ita ta koya mini a bayan gida. Ranar farko na sha wuya, ƙafa tana takawa hannu yana rawa, Bebi tana ta yi mini dariya. Yanzu kuwa kullum ina kai, safe da yamma. Tsoho ne, baƙi, amma yana aiki. Don Allah kar ki faɗa wa Baba tukuna.

Taki,
Mero

Kano, 11 ga Mayu, 1982

'Yata Mero,

Wa alaikumus salam. Goro, fari ƙal! Muna lafiya, bayan nawa ma ranar da na karanta takardarki mantawa ya yi da ciwo. Guɗa na rangaɗa har maƙwabta suka leƙo suna tambaya wa ya haihu.

Ke Mero! Tun kina 'yar mitsitsiya a hannuna nake binki da allura kina gudu, ko maɓalli ba ki yarda kin ɗinka ba. Ashe sai kin haye teku za ki san abin da nake nuna miki. Allah ya yi wa Bebin nan albarka, ta yi abin da ya gagare ni. Rawar hannun da kike faɗi kowa da haka ya fara, in ƙafa ta saba hannu zai bi.

Kin ce kar in faɗa wa Babanki. Yi haƙuri, abin daɗi ba ya kwana a cikin tsohuwa. Kin san tun da Uwaisu ya ɗauke ki zuwa karatun nan nasa, Yaya Sanusi bai taɓa ambatar Amurka da alheri ba. Kullum cewa yake an kai masa 'ya inda mata suke yawo kamar awaki. Da na gaya masa sai da ya yi murmushi, wanda rabona da ganinsa tun bikinki. Ya ce to, ko ba komai tana ɗakinta. Sannan ya jawo maganar nan tasa ta tun lokacin da yake hayar kekuna a bakin kasuwa, wai keke iri biyu ne a duniya, mai ƙafa biyu na maza, mai allura na mata, duk wanda ya hau na wani da kunya zai sauka.

Washegari da kansa ya shiga Kantin Kwari ya yanko farar shadda. Ya ce rigar Babbar Sallar bana ɗinkin hannunki yake so. Duk wanda ya zauna a zauren gidan nan ya ji labari, har mai kawo ruwa. Malam Lawal zai zo ƙasarku aiki, na ba shi shaddar da awon, zai sako miki a gidan waya. Kar ki ji tsoro, ki fara gwadawa a tsumma.

Wane iri ne, Sinja ce? Ki riƙa ɗiga masa mai, in kin tashi ki rufe shi da zane. Ki gaishe da Uwaisu, Allah ya ƙara sauƙi.

Gwaggonki,
Kubura

Greensboro, 14 ga Yuni, 1982

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kowa lafiya. Mu ma alhamdu lillahi, jikin Malam da sauƙi.

Shadda ta iso. Na buɗe na zauna a ƙasa, na rasa ko dariya zan yi ko kuka, daga baya kukan ya yi nasara. Gwaggo, ba mu fahimci juna ba. Keken da na koya ba ya ɗinki. Keken hawa ne, mai ƙafa biyu, irin na Baba. Na Malam ne. Wallahi ban rubuta don in ruɗe ki ba, da na ce kar ki faɗa wa Baba na ɗauka kin gane dalili.

Bari in kwatanta miki, don kar ki zaci a tsakiyar motoci nake. Hanyar bakin rafin nan da na faɗa miki, ta masu tafiya a ƙasa ce da masu keke tare. Faɗinta bai fi tabarma biyu ba, itatuwa sun rufe ta. Yawancin masu bin ta tsofaffi ne daga Irving Park, unguwar masu hali, suna jan karnuka. Masu keke ba mu da yawa, 'yan makaranta ne jefi-jefi sai ni. Zanena nake ɗaurawa, in yafa gyalena in soke shi, ba abin da yake buɗewa. In zan wuce mutum akwai abin da suke faɗa da Turanci, ni kuwa in na tsorata sai bakina ya ce gafara dai. Akwai wani dattijo mai jan kare, yanzu da ya hango ni shi yake fara cewa gafara, ya ja karensa gefe.

Amma hanyar ma ba ta tsira ba. Wasu masu tafiya a ƙasa sun kai ƙara, wai masu keke suna firgita su, kuma wai ba mu kai yawan da za a raba hanya da mu ba. Kwamitin gari ya sa wata mata ta zauna a kujera bakin gada tana ƙirga duk keken da ya wuce. In an ga mun yi kaɗan, za a kafa allo a hana mu. Rannan ta ce mini in na yi zazzaɓi rabin lissafinta ya tafi. Wani mai ɗaukar hoto ma ya tsaya kusa da ita, ban ankara ba sai walƙiya na gani.

Za ki ce ina nake zuwa. Akwai inda nake zuwa kullum, ba zan iya faɗa miki yanzu ba, an ɗauki alkawarina. Ki yarda da ni, ba wurin kunya ba ne.

Bebi ta ce in kawo shaddar ta kai wa wani tela, a aika wa Baba a ce ni na ɗinka. Na kasa. Ya sa ƙarya a jikinsa ya tafi masallacin Idi? Ke kika san shi, ki gaya mini yadda zan yi. Tsoro nake ji, Gwaggo.

Mero

Kano, 8 ga Yuli, 1982

Mero,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, muna cikin azumi. Ba zan tsawaita gaisuwa ba, don raina a ɓace yake.

Takardarki ta makara. Hotonki ya riga ta isowa. Garzali ɗan Alhaji Ubale, da yake karatu a garin nan naku, ya gan ki a jarida ya yanko ya aiko wa ubansa, shi a ganinsa abin alfahari ne, 'yar unguwarsu ta fito a jaridar Turawa. Alhaji Ubale kuwa bai tashi kawowa ba sai da aka sha ruwa, zaure cike da mutane. Ya miƙa wa Babanki ya ce, “Alhaji, ashe wannan ne keken da za a ɗinka rigar Sallar da shi?” Aka yi dariya. Takardar ta zaga hannu hannu. Yaya ya ajiye kofin kunu bai ƙarasa ba, ya shiga gida. Tun ranar bai sake zama a zaure ba, daga masallaci sai ɗaki.

Ni ma na sha nawa. Ya ce ni na kai shi kasuwa na kwance masa rawani. Da gaskiyarsa, ni na yi guɗar.

Bayan kwanaki takardarki ta zo. Ya ji labari ya ce in karanta masa, ban tsallake ko kalma ba. Duk bayaninki na zane da gyale da dattijo mai kare ya bar ni na wuce. Da na zo inda kika ce akwai inda kike zuwa kullum ba za ki faɗa ba, sai ya ce in maimaita. Na maimaita. Mero, ke da hankalinki, matar aure ta rubuta wa gida irin wannan magana? Safe da yamma, a kan keken namiji, zuwa inda ba ya faɗuwa? Wa ya ɗauki alkawarin naki? Ina shi mijin naki yake? Wata nawa ke nan ko layi ɗaya bai rubuto wa surukinsa ba, shi da ba ya fashin gaisuwa.

Ga saƙon Babanki, yadda ya faɗa haka na rubuta. Zai aiko da tikitin jirgi ta hannun Malam Lawal. Ki dawo gida kafin Babbar Sallah, in ya so Uwaisu ya biyo baya a zauna. In Sallah ta zo ba kya gidan nan, ya ce ki nemi wani uban a can. Kin san bai iya faɗin magana sau biyu ba.

Ni na goya ki, na san ba ki da mugun hali. Amma ban san abin da zan kare ki da shi ba, hannuna babu komai. Ki rubuto da gaggawa, kuma ki rubuta Hausar da tsohuwa za ta gane.

Kubura

Greensboro, 29 ga Yuli, 1982

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Barkanku da Sallah, Allah ya maimaita mana. Wannan karon ba zan ce muna lafiya ba.

Na kai wa Malam takardarki ya karanta a kwance. Ya juya fuska bango, sannan ya ce ya sake ni daga alkawarin. To ga shi.

Tun watan Maris Malam yana asibiti. Yana dawowa daga makaranta a kan keken nan, a babban titi, mota ta kwashe shi. Ƙugunsa ya karye, cinya ta karye biyu. An yi masa aiki, wurin ya ƙi warkewa, aka sake yi. Wata guda ƙafarsa tana rataye da igiya da ƙarfe. Da ya farfaɗo abin da ya fara cewa shi ne kar Hajiya Daso ta ji, kin san hawan jininta, kuma shi kaɗai gare ta. Ya ce in labari ya shiga Fagge da safe, kafin azahar ya isa kunnen uwarsa. Na rantse masa. Shi ya sa na rubuta miki cewa jikinsa da sauƙi. Ban yi ƙarya ba, haka aka koya mini in ce.

Asibitin yana can arewacin gari. A bas sai na canza biyu, in na fita da abinci da zafi ya isa da sanyi, ran Lahadi kuwa babu hanya sam. Shi kuma abincinsu ya ƙi shiga, ya rame har zoben azurfarsa yana zamewa. Garin masararsu nake tuƙa masa tuwo da shi, in yi miyar kuɓewa, shi kaɗai yake ci. Ga alwala, ga juya shi, ga wanda zai yi masa Hausa ya ji shi mutum ne. Keken yana jingine a bayan gida, ƙafar gaba a lanƙwashe. Mijin Bebi ya gyara, Bebi ta riƙe mini sirdi. Sau nawa na faɗi, gwiwoyina har yanzu da tabo. Wurin da nake zuwa safe da yamma ke nan, Gwaggo.

Titin da ya karya shi ba zan iya hawansa ba, ko ƙarar mota na ji a bayana sai in tsaya cak. Hanyar bakin rafi ita ce take kai ni kusa da asibitin. Makon jiya kwamitin ya zauna a kan maganar hana keke. Na je. Wata mata mai gashi kamar auduga ta ce hanyar ta masu shan iska ce, masu keke su koma titi tunda ba su da yawa. Ban san lokacin da na miƙe ba. Turancina ya watse, na dai ce mijina titin ya bi, yanzu yana gadon asibiti ina kai masa abinci. Na ce ku kuna shan iska, ni hanyata ce. Sai ga dattijon nan mai kare ya tashi ya ce shi kullum yana kan hanyar, bai taɓa ganin na ture kowa ba, har kalma ɗaya na koya masa. Ya faɗe ta, gafara, ɗakin ya yi dariya. Ba su yanke hukunci ba. Sun ce matar kujera ta ci gaba da ƙirga har ƙarshen bazara. Kin ga duk ranar da ban hau ba, da hannuna nake rufe hanyar.

Yanzu maganar Baba. Ki karanta masa wannan kamar yadda kika karanta waccan. Baba, na ji kunyar da na jawo maka a zaure, kuma ta fi ciwon gwiwa yi mini zafi. Ban taɓa tsallake maganarka ba tun da aka haife ni. Amma kai ka damƙa ni a hannun mutumin nan ka ce in bi shi, ka ce aljannata tana ƙarƙashin ƙafarsa. To ƙafar ce a karye. Likita ya ce sai bayan Babbar Sallah zai fara takawa da sanda. Ba zan hau jirgi in bar shi ba, kuma ba zan sauka daga keken ba sai ya tashi. In ka ce in nemi wani uba, ba zan nema ba, ba ni da wani. Zan dai zauna ba uba har ranar da ka huce.

Ki yi haƙuri da rubutun. Shaddar tana cikin akwati ban taɓa ta ba.

'Yarku,
Mero

Kano, 24 ga Agusta, 1982

'Yata,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Yaya jikin Uwaisu? Kuma kar ki ce mini da sauƙi, ki gaya mini yana ci, yana barci, ƙafar tana motsi?

Na ji haushin kaina, Mero. Ni da na yi jinyar uwarki ina ce wa mutane da sauƙi har ranar da aka ɗauke ta, ni ce zan karanta kalmar nan sau biyu in wuce? Murnar keke ta rufe mini ido. Hajiya Daso da ƙafata na je, na zauna na bi da ita a hankali. Ta yi kuka, amma tana nan da ranta. Ta ce a gaya wa ɗanta shi sakarai ne, ke kuma Allah ya ba ki masu yi miki.

Babanki na karanta masa a ɗakinsa. Da na zo wurin ƙafar da take karye, ya ce ya isa. Na ce bai isa ba, na ƙarasa. Ya ɗauki buta ya fita. Kwanaki muna gaisawa kawai. Malam Lawal ya zo karɓar saƙon tikiti, na ji Babanki ya ce masa ya dawo wani lokaci. Ban san ko wani lokacin gobe ne ko baɗi ba, ko keken nawa na kasa takawa.

Shekaranjiya ya aiko a kira ni. Na same shi da tabarau a hanci, hoton jaridar nan a hannunsa, ashe bai yar ba. Na ce yau kam an gama. Ya daɗe yana dubawa. Sai ya ce, “Wane marar hankali ne ya bar mata sirdin nan a sama haka? Tsawon mijinta ne wannan. Dubi yadda take miƙa ƙafa, da yatsu take taka feda.” Ya sa farce a kan hoton ya ce, “Ga bakin zane dab da sarƙa, kuma sarƙar ba murfi. Ranar da ta cafke shi, gado biyu za a nema a asibitin.”

Ya jawo tsohon akwatinsa na ƙarfe, wanda tun da ya bar hayar kekuna ban ga ya buɗe ba. Ya fito da sifana da ƙararrawar tsohon kekensa Rali, ya goge ta da bakin riga, ya kaɗa, har yanzu tana da murya. Ya ce a ba mijin Bebi sifanar ya sauke sirdin. Ƙararrawar kuma ki ɗaura, wai mai keke ba ya yi wa mutane ihu a hanya. Sannan ya dube ni ya ce, “Ke da kike da keken mata, me kike jira? Ki ɗinka mata wanduna masu tsukakken baki ta riƙa sawa a ƙarƙashin zane.” Tun shekaranjiya ban miƙe daga kan keke ba, uku na ɗinka, suna cikin ƙunshin nan. Shadda kuwa ya ce a kai wa telan Bebi, a yi wa Uwaisu riga ya sa ranar da zai fito.

Ban ji ya ce ya yafe ba, kin san bakinsa. Tikiti dai bai sake ambata ba, kuma jiya ya zauna a zaure. Alhaji Ubale ya zo zai fara, Yaya ya ce masa, “A cikin 'ya'yanka maza wa zai yi maka abin da ta yi?”

Na ninke takardar nan ke nan ya leƙo ɗakina, abin da bai saba ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana gyaran murya. Ya ce, “Kin rufe?” Na ce saura kaɗan. Ya ce, “To ki ƙara mata. In za ta sauka gangara, birkin baya ake fara kamawa. Ki ce in ji ubanta.”

Gwaggonki,
Kubura